Malam Jibrilla da Surin da Ke Sandarewa da Hantsi

Ƙarfe bakwai na safe Malam Jibrilla ke fitowa daga gida. Yakan ɗaure tsohuwar jakar fata a bayan babur, ya tsaya wurin mai shayi, ya sha kofi ɗaya a tsaye, ya wuce. A jakar akwai ƙarafan kwance na'ura, da burushin haƙori da ya daina aikin haƙori, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da linzamin kwamfuta mai waya, wanda mu a Tawa muke kira suri. Wannan surin ba na sayarwa ba ne. Ya san lafiyarsa ƙalau, da shi yake gwada kowace kwamfuta kafin ya ɗora wa wani abu laifi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zagaya ofisoshi da makarantu da gidajen likita na garin nan. Da injin buga takarda ya fara. Da kwamfuta ta zo bai gudu ba, ya buɗe cikinta ya koya. Ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki, don idanu sun gaji. Ban ji an shirya masa taro ba. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Ba zan jera duk abin da ya gyara ba. Abu ɗaya zan faɗa, wanda na gani da idona.

A wani gidan likita da ke bakin gari akwai ɗaki mai tebur ɗaya da kwamfuta uku: ta rigakafin yara, ta magunguna, ta gwajin jini. Wurin ya yi ƙunci, sai aka haɗa su da wani ɗan akwati mai maɓalli. Allo ɗaya, madannai ɗaya, suri ɗaya. Ka danna maɓallin, ka koma kan kwamfutar da kake so. Mai aiki a teburin ita ce Rahamatu, 'yar Damagaram, ma'aikaciyar kwantiragi.

Sai surin ya fara sandarewa. Tana tsakiyar cika shafi, kibiya ta tsaya cak a allo. Dole ta kashe kwamfutar ta kunna, abin da ta shigar ya tafi. Wata uku a jere rahoton rigakafi ya makara, allurar ƙananan gidajen likita na ƙauye ta makara tare da shi. Mata sun zo da goyo daga nesa an ce su dawo wani mako. Shugaban wurin, Manjo Sadiƙu, ya sauya suri har sau uku. Bai hana ba. Daga nan ya rubuta takardar neman kada a sabunta kwantiragin Rahamatu. Ranar Juma'a zai aika.

Ni aka fara kira, tunda na dawo daga Aljeriya da takardar ilimin kwamfuta. Na yi minti arba'in a ɗakin, komai ya yi aiki, na rubuta cewa na'urori lafiya lau suke. Wannan layin nawa manjo ya kwafa cikin takardarsa.

Ranar Talata Malam Jibrilla ya zo. Manjo ya tare shi a ƙofa.

"Malam Jibrilla, suri ukku munka kawo. Ukku, duk sababbi! Da sun shiga hannunta sai su mace. Mi kake so in ce?"

"Ba ni benci."

"Benci?"

"Benci da kwana ukku. Kada takardar ga ta fita sai na gama."

Bai kwance komai ba. Ya sa surinsa a madadin nasu, ya ja benci bakin ƙofa, ya buɗe littafi a cinya. Ranar nan manjo ya tafi taro, kuma har aka tashi surin bai tsaya ko sau ɗaya ba. Aka fara ƙus-ƙus: ga shi nan, da an sa mata ido sai aiki ya tafi daidai. Maigadi ya leƙo, ya gan shi zaune kusa da mata masu juna biyu.

"Malam, kai ma awo ka zo?"

"I mana. Watana tara, ka yi mini addu'a."

Matan suka yi ta dariya. Rahamatu ba ta yi ba. Da za ta tafi ta ce masa, "Baba, ka bari kawai. Sun riga sun gama magana." Ya ce, "Su sunka gama, ɗiyata. Ni ban fara ba."

Laraba da hantsi kibiya ta tsaya. Ya duba agogo, ya rubuta. Bayan azahar ta sake tsayawa, ya sake rubutawa. Surinsa ne a teburin, wanda bai taɓa ba shi kunya ba, don haka ya cire suri daga zargi. Ya kuma ga hannun Rahamatu bai yi wani abu dabam ba. Abin da ya rage shi ne wanda ya shigo ɗakin kafin kowace tsayawa. Littafinsa ya nuna mutum ɗaya.

Manjo Sadiƙu mutumin Affala ne. Duk wanda ya zo daga can ko daga ƙauyukan kewaye, bayan gaisuwa yakan miƙa masa salula, wato wayar hannu, a sa masa wuta. Ba a cewa a'a. Baƙo ya yi tafiya, ya amince da kai, ka ba shi ruwa, ka sa masa salula a wuta. Mahaɗan wutar bango duk sun cika da firjin allura da kwamfutoci. Amma a bayan ɗan akwatin nan akwai rami ɗaya da ba kowa a ciki. Nan manjo ke soka wayar salula, ya ajiye ta bayan allo, ya fita. Akwatin ba shi da wutar kansa, daga kwamfuta yake tsotsar kaɗan ya raba wa suri da madannai. Salula mai yunwa na shiga sai ta shanye rabon. Ba nan take ba, sai bayan 'yan mintoci, shi ya sa ba wanda ya haɗa abu biyun.

Alhamis da safe Malam Jibrilla ya kira mu, mu uku kawai: manjo, da Rahamatu, da ni. Ya ce manjo ya zauna ya riƙe suri da hannunsa. Ya karɓi salular wani tsoho, ya soka. Muka jira. Kibiya ta tsaya a hannun manjo. Malam Jibrilla ya cire salular, kibiya ta motsa. Ya maimaita sau uku.

Manjo ya ce, "To ni in ce ma mutanen garinmu mi? In kore su da salulansu?"

"Wa ya ce ka kore su?"

Kafin azahar Malam Jibrilla ya kafa katako a rumfar jira, ya ja waya daga wani layi, ya jera mahaɗan wuta shida. Ya samo wa akwatin wutar kansa. Ramin nan kuwa ya toshe shi da guntun icce. Manjo ya yaga takardarsa, ya tara ma'aikata, ya ce a gabansu, "Rahamatu, laihina ne. Ki gafarce ni." Ni ma na janye nawa rahoton. Watan da ya biyo, allura ta isa ƙauyuka a kan lokaci, kuma an sabunta mata kwantiragi.

Malam Jibrilla, kai ne ka ƙi yarda a hukunta mutum kafin a gama binciken waya. Kai ne ka zauna a benci ana yi maka ba'a, ba ka tashi ba. Ka gaya wa babba kuskurensa ba tare da ka tozarta shi ba, ka kuma gyara na'ura ba tare da ka hana mutane karamcinsu ba. Mai haƙurin kallo, na Adar. A inda na yi karatu an koya mini cikin kwamfuta. Ba a koya mini kallon ɗakin da take ciki ba. Wannan a wurinka na gani.

Mu da za mu gaji jakarka, da shugabannin da ke sa hannu a takardu, ga abin da nake roƙo. In na'ura ta ƙi aiki, kada sunan ƙaramin ma'aikaci ya zama abu na farko da za a rubuta. A gwada da abin da aka tabbatar da lafiyarsa. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. A rubuta sa'ar da matsala ta faru da wanda ke wurin. In kwana ɗaya bai isa ba, a dawo gobe.

Mun gode, Malam. Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya sa ka huta lafiya.

Rahamatu ta ce in isar maka da godiyarta a nan. Na ce ta faɗa maka da bakinta. Ta ce ta gwada sau biyu, amma da ta fara sai ka katse ta, ka tambaye ta ko ta adana aikinta na yau.