Takunkumin Baba Yari

Duk mai shanun huɗa daga Bungudu har Tsafe ya san Baba Yari na Furfuri. Shekara talatin da ɗoriya yana saƙa takunkumin kaba, irin wanda ake ɗaura wa bijimi don kada ya ci shuka. Kallo ɗaya zai yi wa dabba ya san faɗin da zai dace da ita. Baki ɗaya ne ya gagare shi ɗaurewa, wato nasa. Ƙanen mahaifina ne, ina ƙaunarsa, amma in ya kama ka da zance sai dai kiran salla ya cece ka.

Shekarar korona, da rediyo ta ce kowa ya sa takunkumi, Baba ya ɗauki abin cin mutunci.

"Ɗan Adam da takunkumi? Gonar wa munka shiga?" in ji shi.

Mutanen gari kuwa kowa da salonsa. Wani ya maƙala a haɓa, wani ya sa amma in zai yi atishawa sai ya sauke don kada ya ɓata shi. Baba dai ya faɗa a bakin masallaci, kowa na ji, cewa ranar da aka gan shi da takunkumi a haɗa masa da garma.

Ana nan sai matarsa, Inna Luba, ta kwanta, aka kai ta asibiti a Gusau. Kwana uku ko kunu ta ƙi sha. Ɗansu Mahadi ya bugo waya ya ce ita dai sai ta ga Malam, wato Baba, kuma ba a barin kowa ya shiga sai da takunkumi.

Ban taɓa ganin Baba ya yi shiru ba sai ran nan, har na tsorata. Ya jawo kaba ya gwada a fuskarsa daga kunne zuwa kunne, ya hau saƙa.

"In babu makawa, ba ni sa aikin wani," ya ce da ni.

Ni na kai shi a babur. Tun daga nesa ya ɗaura abinsa, gemu ya leƙo ta ramukan. Mai gadi ya dube shi, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Baba, wannan ai duk ƙofa ne."

"To ta ina kake so in yi numfashi? Shanu dubu sun sa shi, wane yat taɓa tari?"

Wata ma'aikaciyar jinya, Asiya, ta zo ta miƙa masa shuɗi na asibiti, ta ce cutar ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Baba ya jujjuya shi, ya kushe ɗinkin, ya sa. Sannan ya ɗora nasa a kai, don kada a ce an kayar da shi.

Haka ya shiga. Inna Luba ta rame, ido ya faɗa. Ta daɗe tana kallonsa, sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana riƙe ciki.

"Malam, shekara arba'in ina roƙon Allah shi nuna mini wagga rana. Ashe har biyu za a ba ni!"

Na jira amsa, don Baba ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Sai na ga shuɗin ya jiƙe daga sama, ni ma na kau da kai.

"Mahadi, miƙo kunun nan," in ji Inna. "Kai kuma kada ka cire."

Shi ya riƙe mata kofin har ta shanye.

Da suka dawo gida, abokan wasansa suka jingina masa garma a ƙofa. Ya ɗauke ta ya shigar ciki, ya ce dama tasa ta tsufa. Takunkumin kabar yana rataye a jikin ƙusa a ɗakin Inna har yau. In Baba ya zarce da zance, ba ta cewa komai, ƙusar kawai take kallo.