Dobbi a Kan Fatar Akuya

Shekara shida na yi ina tantance fata a wata majema da ke Challawa, a ƙarƙashin wani dattijo Bahabashe da muke kira Malam kawai. Hausarsa ta fi ta wasunmu, don ya daɗe a Panshekara har ya aurar da 'ya'ya. Wata rana da hutun azahar na same shi ya tasa waya a gaba, shinkafarsa ta huce.

Na ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Ya ce 'yar ƙaninsa ce can gida Habasha take rubuta yarensu, Dobbi, wanda masu yin sa ba su da yawa. Sunayen abubuwa duk ta samu. Abin da ya rage mata shi ne yadda tsofaffi ke ɗaura magana a kan magana: idan kaza ya faru, kafin a yi kaza, bayan an gama kaza. A danginsu shi kaɗai ya rage wanda ya ji hakan daga bakin tsofaffi. Ta roƙe shi ya ɗaukar mata a waya, amma kwana uku ke nan yana buɗe baki, Hausa ce ke fitowa.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Haba Malam! Yaren naku za ku manta, sai ka ce makullin ɗaki?" Kallon da ya yi mini, har yau kunyarsa nake ji.

Muka koma aiki. Cikin ɗanyun fatun da aka kawo akwai ta wata akuya da aka yi wa fiɗar ganganci, duk tsoka a jiki. Malam ya ja tsaki, ya ɗauki wuƙa ya hau kankara. Sai na ji yana faɗa ƙasa-ƙasa da wata magana da ban taɓa ji ba, doguwa, tana tafiya ba ta yankewa. Na zaro wayata a hankali na fara ɗaukar muryarsa, ko tari ban yarda na yi ba.

Ya kankare, ya wanke, ya barbaɗa gishiri, ya naɗe, bakinsa na bin hannunsa. Ikon Allah! Ashe a hannu yaren yake kwance.

Da ya gama na kunna masa. Ya saurara, ya nemi buhun gishiri ya zauna.

Ya ce, "Wannan faɗan babana ne. Haka yake yi mini in na ɓata fata: kafin ka sa gishiri ka duba, idan ka bar tsoka za ta ruɓe. Shekara talatin rabona da jin sa."

Na ce, "In tura wa 'yar ƙanin naku?"

Ya share ido da bayan hannu, don tafin duk gishiri ne.

"Tura. Amma sake kunna mini tukuna."