Amfilifayar da Na Kai Zauren Mahaifina

Ni mutum ne mai son kwance abu ya ga cikinsa. Tun ina yaro, duk tocilan da ta shigo hannuna ba ta fita da ranta. Da na girma na zama malamin kimiyya a wata sakandare a Bodinga, sai cutar ta samu suna mai daraja, ana ce mini injiniya, rabi yabo rabi ba'a. Ni kuwa yabon kaɗai nake ji.

Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a Sakkwato da nake zuwa in ɓata wa lokaci. Shi ya fara nuna mini bawul. Ƙwai ne na gilashi kamar ƙwan fitila, tsawon babban yatsa, wanda rediyoyin da suke aiki da shi. Ya zuba mini guda shida a ledar burodi, ya ce, "Tahi da su, ba mai biɗassu yanzu. Amma ka kiyayi wutassu, ba ta san wasa ba."

Wata bakwai na yi ina fama da su a ɗakin ajiya na bayan gida. Abin da nake so in haɗa amfilifaya ce ƙarama, ba irin ta masallaci ba, wadda za ta tura sauti cikin hedifon, in kifa a kunnuwana in ji kaset ni kaɗai. Zanen a waya na samo shi. Na ƙone yatsu da dalma, na kashe bawul biyu, sau ɗaya wuta ta fizge ni na faɗo daga kujera da salatin da ya fito da maƙwabta. Matata ta leƙo, ta ga ina da rai, ta ce, "In ka ƙare gyaran duniya, ƙyauren bayi na jiranka."

Ranar da ta yi aiki ba zan manta ba. Bawul biyu suka yi ja a hankali kamar garwashi, na saka hedifon, sai muryar mai karatun cikin kaset ta zo mini cikakkiya, har numfashinsa ina ji tsakanin kalma da kalma. Na sa kafinta ya yi mata akwatin katako, na goge shi da mai. Na ji kaina ya kumbura, kuma daga nan matsalar ta fara.

Mahaifina malamin zaure ne a Horo Birni, ƙasar Shagari. Ɗalibansa magidanta ne, manoma da makiyaya, wasu da furfura, suna zuwa bayan la'asar kowa da littafinsa. Mai karatu zai zauna gabansa ya biya, shi kuma ya saurara, ya gyara, ya fassara. Duk aikin a kunne yake. Kunnensa na hagu ya mutu tun wani zazzaɓi da ya yi ina ƙarami, da na dama ya riƙe zauren nan shekara da shekaru.

Ni ne ɗansa na fari, kuma gidanmu ba a wasa da wannan kunyar. Bai taɓa kiran sunana ba. Tun yaye aka ba gwaggona ni, ƙanwarsa, ita ta raine ni. Idan na je gaishe shi, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ban taɓa zama cikin zaurensa ba, ban taɓa ce masa Baba ba, Malam nake cewa kamar kowa. In yana da magana da ni, sai ya ce wa gwaggo, "A hwaɗa ma mutumen Bodinga kaza," ko da ina tsugune a wurin. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka na tashi na tarar, haka na san shi.

Gwaggo ce ta kira ni a waya wata safiya. Tun rasuwar mijinta ta koma gidan Malam da zama. Ta ce, "Kunnen ga na dama shi ma ya hwara tahiya. Jiya sai da mai karatu yam maimaita sau ukku kahin shi ji." Na gane abin da take nufi ba sai ta ƙarasa ba. In kunnen nan ya tafi, zauren ya tafi.

Ƙanena, wanda ke bi mini, ya ce mu kai shi asibiti a Sakkwato a auna shi, a ba shi irin ɗan abin nan da ake cusawa a kunne. Maganar hankali ce. Ni kuwa na hau shi da faɗa. Na ce waɗannan abubuwan wasan yara ne, batirinsu kamar ƙwayar wake, ina za a samo shi a Horo Birni? Na ce ina da abin da ya fi shi a ɗakina. Ya bar mini don ni ne babba. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce, so nake sau ɗaya a rayuwata wani abu da na yi da hannuna ya shiga zauren nan, tunda ni ba na shiga.

Sati uku na yi ina sake mata fasali. Na ƙara mata makirfo mai doguwar waya, na mayar da ita kan batirin sola don can wuta ba ta da tabbas. Na gwada ta har na gaji. Ina zaune a kan kujera, bayana a miƙe, kaina ba hula, makirfo a can ƙarshen tebur, matata tana karanta mini takardar magani cikin raɗa. Ko harafi bai kuɓuce mini ba. Na ce shi ke nan, an gama.

Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai. Ban shiga zauren ba, ban ma yi tunanin shiga ba. A gindin dalbejiyar ƙofar gida na kira babban ɗalibin Malam, wani dattijo mai noman albasa, na nuna masa inda ake kunnawa da inda ake murɗawa a ƙara murya. Ya karɓa da hannu biyu. Da na je sallama, Malam ya dubi bango ya ce wa gwaggo, "A ce ma mutumen Bodinga an gode. Allah shi yi albarka." Na tuƙo babur har gida ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Wata uku suka wuce. Duk lokacin da na kira gwaggo na tambaya, sai ta ce kullum yana sawa. Ban taɓa tambayarta ko yana jin daɗin amfilifayar ba, ita ma ba ta ƙara komai ba. A ofishin malamai kuwa na cika kowa da labari, har wani abokin aikina ya fara tashi in ya ga zan buɗe baki.

Wata Laraba aka tashe mu da wuri, na ce bari in je in duba batirin. Na isa ana tsakiyar karatu. Na kashe babur daga nesa, na tsaya jikin bangon zauren ina jiran a tashi. Ina jin muryar mai biyawa, sai kawai wata ƙara ta tsaga wurin, siririya mai kaifi, irin wadda lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matsa kusa da ita. Ta ɗauke. Aka ci gaba da karatu kamar ba a yi komai ba. Bayan layi biyu ta sake tashi.

Na yi abin da ban taɓa yi ba, na leƙa.

Malam yana zaune a kan buzunsa da rawaninsa, don ba zai zauna gaban ɗalibai kai a buɗe ba. Ya cusa marfin hedifon na dama ƙarƙashin rawanin, ya manne da kunnen mai rai. Na hagu kuwa, tunda kunnen ba ya ji, ya bar shi a waje yana reto gefen gemunsa, bakinsa a buɗe. Makirfon yana ƙasa a kan tabarma, daf da littafin. An murɗe muryar har ƙarshe. Shi kuma Malam, yadda na ji daga baya ya saba tun kafin a haife ni, duk inda zai gyara sai ya sunkuya ya ɗora yatsa a kan layin. Yana sunkuyawa marfin nan ya zo kan makirfo, sautin da ke fita ya koma ciki, ƙarar ta tashi. Ni da nake waje na ji ta har haƙorina. Shi kuwa a cikin kunnensa take fashewa.

Na ga yadda yake yi. Sai ya runtse ido, ya ɗago kaɗan, ya jira ta wuce, ya faɗi gyaran. Mutum goma sha wani abu a zaune, kowa idonsa a kan littafi. Na tsaya ina lissafi a raina, sau nawa yake sunkuyawa a darasi ɗaya, darasi nawa a yini, yini nawa a wata uku.

Na san wannan ƙarar. Aji biyu nake koyar da dalilinta duk shekara. Da na gwada abin nan sau ɗaya a ƙasa, da rawani a kaina, da littafi a gabana, da na kama ta cikin minti biyar. Amma ban taɓa ganin mahaifina yana koyarwa ba, ban san yadda yake zama ba.

Da aka tashi na tare dattijon nan mai albasa. Ban ko gaishe shi ba, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wata uku kuna jin wannan, ba wanda ya iya buɗe baki? Ya dube ni a natse ya ce, "Mu wa? Malam bai ce komi ba, sai mu mu ce? Kuma aikin ɗansa na. Mun aza haka nan shika yi."

Na shiga wurin gwaggo ina huci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Tun satin hwarko shika kwana da ciwon kai. Ya ce kunnen na yi mai kuka ko ya cire abin. Nac ce in hwaɗa maka, yah hana." Na ce don me? Ta ce, "Ya ce yaron ya wahala, in an hwaɗa mai zai ji kunya." Na zauna a kan turmi na yi kuka, ni da 'ya'yana huɗu.

A ranar na ɗauke akwatin. Washegari ni da ƙanena muka kai shi asibitin da ya ce tun farko. Likita ya auna, ya ce abin da ya rage a kunnen kaɗan ne ƙwarai. Na ba shi labarin ƙarar ba tare da na ɓoye komai ba, na tambaye shi ko ita ce. Ya ce akwai tsufa, akwai kuma ƙara, ba zai iya raba mini su ba, amma da an zo da wuri da ya fi. An ba shi ɗan abin cusawar, bai ƙara masa wani abin kirki ba. Garin gyaran gira na tsone ido, ba sai wani ya faɗa mini ba.

Kafin damina ta sauka Malam ya miƙa karatun ga dattijon nan. Shi da kansa ya janye buzunsa gefe, ya ce a shimfiɗa wa wancan a tsakiya.

Na yi sati biyu ina shirya abin da zan faɗa. Ran wata Asabar na je da hantsi, lokacin da zauren ba kowa sai shi. Na cire takalmi na shiga, na durƙusa gabansa har gwiwata tana taɓa buzun. Gwaggo ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a baki. Na ce, "Baba." Na faɗa masa komai. Na ce ƙanena ya faɗi gaskiya na ƙi ji, na ce girman kai ne da son a yaba mini, na ce ni na raba shi da zaurensa, na roƙe shi ya yafe mini. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba tunda aka haife ni.

Ya dubi bakina tun daga farko har ƙarshe, goshinsa a tattare, yana ƙoƙari. Da ya ga na yi shiru, sai ya juya ga gwaggo, ya ce da muryar nan mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "Mi yaka cewa? Lahiya dai? Ko wani abu ya samu ɗiyan nai?"

Gwaggo ta dube ni, tana jira in ce ta matsa ta kwarara masa a kunne, duk gida da maƙwabta su ji. Na kasa. Na girgiza mata kai. Ta sunkuya ta yi masa ihu cewa lafiya lau, gaisuwa ce ya zo.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi. Sannan ya ce mata, "To a ce mai shi kama hanya da wuri. Hadari na haɗuwa, kuma babur garai."