Filiyar da Ta Dakushe ta Ci Ari Gana

Kai mai karanta wannan, ka taɓa tambayar wa ya shiga rami kafin ruwa ya zo bakinka? To ga ɗayansu, ya rasu. Ranar Talata 11 ga Maris 1958, tiyon famfo ya tsinke a rijiyar Gidimuni ya faɗa kan Ari Gana, mutumin Birni, maƙwabcinmu, yana ƙasa yana aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Ari, aikinka yanka haƙora a bakin tiyo, don wani ya kama wani a murɗe. Mun san hannunka. Kai ka ƙera wa wani kuturu a Kara-Kara mariƙin buta mai shiga dantse, ya daina jiran mai zuba masa ruwan alwala. Matan unguwa in suka kawo ƙofa ko tukunya, sai ka ce, “Ajiye nan, Yaya, amma kada ki gaya wa mijinki na fi shi amfani.”

Yanzu a atiliye, ma'aikatar da kake aiki, ana cewa kai ka yanka haƙoran banza. Ƙarya ne, kuma an san ba ka da bakin musu.

Filiya, wato ƙarfen da ke yanka haƙoran, ta dakushe tun bara. In tana da kaifi, za a murɗa mahaɗi, wato zoben da ke haɗa tiyo da tiyo, da hannu ya shige can ciki kafin ya cije, gwajin ke nan. Dakusasshiya kuwa yagar ƙarfe take yi, haƙora su fito gajeru, mahaɗi ya tsaya a baki. Ka kai ta wurin mai magaza, mai tsaron ɗakin kayan aiki, ya ce maka a gaban Sule direba sabuwa sai shef, shugaban atiliyen, ya sa hannu. Shef ya ce a naɗa rama, a shafa fenti, a ɗaure da ƙarfi, haka aka saba. Rama tana hana yoyo, ba ta ɗaukar nauyin tiyo a rataye. Ka bi umarni, kuma da aka zo shiga rijiyar ka hana kowa, ka shiga da kanka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, jiya na leƙa atiliyen. Filiyar nan tana kan aiki, da ita ake yanka tiyon wata rijiyar.

Allah Ya jiƙanka, Baba Ari, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ruwan da ka shayar ya zama shaidarka. Inna Wasila matar marigayi, da kai ɗansa Suma'ila da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙuri, maigidanku bai yi ha'inci ba.

Kai kuma shef, ba gaisuwar zaure muke nema ba. Ka tsaya a ƙofar atiliye ranar Juma'a, gaban ma'aikata da iyalinsa, ka faɗa da bakinka: wa ya hana sabuwar filiya, kuma wa za ka tura rijiya ta gaba?