Darar Boko ta Ci Gida

Tun ina saurayi ake sanina da dara a unguwarmu ta Jega. Akwai wata bishiyar bedi a bayan rumfunan 'yan albasa, a gindinta muke tona gurabe, wani ya ɗauki tsakuwa, wani ya karya kara. Ni mai tsakuwa ne. Wasan ba shi da wuyar faɗi: ka jera 'ya'yanka uku a layi, ka kai hannu ka cire ɗaya daga na abokin wasanka. Wuyar tana wajen haƙuri, ni kuwa Allah ya ba ni shi har ya yi yawa. Ina iya kallon gurbi guda har mai shayi ya wanke kofunansa. Matata takan ce duk wandon da na mallaka a gwiwa yake mutuwa.

Da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da la'asar muke zuwa, mu zauna a kan bencin 'yan firamare, gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Ina koyon baƙaƙe kamar yadda nake dara, a hankali, ina zagaya kowane baƙi kafin in taɓa shi. Kuskurena ɗaya, na cika baki. Ban gama rabe "b" da "d" ba na shiga faɗi a gindin bedi cewa karatu ma dara ne, kuma ni ba a taɓa cina a gidana ba, ko da wane irin wasa.

Maganar ta yi tafiya har Maiyama, inda ɗiyata take aure. Da Babbar Sallah ta zo ita da mijinta, malamin makaranta, mutum mai kunya. Ta kawo wa uwarta atamfa, ni kuma hula da ɗan littafin tatsuniyoyi mai manyan baƙaƙe. Surukina ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa, ya turo mini wani kwali.

"Baba, an ce kuna son dara. Wannan ta 'yan boko ce."

Ya faɗi yadda ake yi da sauri, yana kallon takalmansa, ya sulale waje kafin in ce madalla. Allo ne mai gidaje-gidaje, da jakar ƙananan katakai, kowane da baƙi guda a jikinsa. Na ji ya ce "a jera". Sauran bayanin kunya ta cinye.

Washegarin Sallah muka yanka tunkiyar matata. An banƙare ta an jingina gefen wuta, kai da ƙafafu suna cikin kwano suna jiran babbaka, aikin da a gidanmu ake bar wa yara. Sai ga taubashina daga Aliero a kan babur, ɗan ƙanwar mahaifina, dillalin albasa. Ya yi firamare a zamanin da, kuma bai taɓa bari na manta ba.

"Ina bawan nawa? An ce ka zama malami. Kawo in gani, ko in koma da kai in sai da kai da buhu."

"Zauna, ɗan albasa, tun kana Aliero nake jin warinka."

Muka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na buɗe kwalin darar boko. Shi ya ce duk wanda aka ci shi zai yi babbakar kai, a ƙofar gida, kowa na gani. Na yarda tun bai rufe baki ba. Ɗiyata ta zauna can nesa kusa da uwarta, ta ce ita ce alƙali.

Na zura hannu a jaka, Allah ya ba ni "a" har guda uku. Zuciyata ta yi fari. Taubashina ya ajiye "gero". Na dubi allon ta gabas, na dube shi ta yamma, sannan na jera "a" ɗina uku a layi, na miƙa hannu na ɗauke "g" ɗinsa na sa a aljihu.

Ya dube ni. Ya dubi "ero" da ya rage masa.

"Mi kaka yi haka?"

"Na ci ka. Uku a jere."

Dariya ta kayar da shi har hularsa ta faɗa cikin dusa. "Karanta mini abin da ka rubuta! Aaa! Kukan wanda kunama ta harba!"

Ɗiyata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga bayan mayafin ta yi mini bayani cewa kalma ake haɗawa, ba a cin na kowa. Na fito da "g" daga aljihu na mayar masa, har da ƙwallon goro da ya manne a jiki.

Na ce ba komai, shigar wasa ce. Na natsu. Ya ajiye kalma, ya ajiye wata, ni ina juya katakaina kamar mai tsintar wake. Can na ga hanya. Na ajiye baƙi huɗu da hannuna, babu wanda ya taya ni: "tahi".

"Babu wannan," in ji shi. "Tafi ake rubutawa."

"Kai tun da uwarka ta haife ka ka taɓa cewa tafi? Ɗazu ka ce za ka tahi gida kafin magariba."

"Faɗi daban, rubutu daban."

Muka juya ga alƙali. Ɗiyata ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa, ta ce, "Baba, a littafi da 'f' ne." Matata, tana juya nama, ta ce mini, "Malam, kwashe abinka. Ni ma haka aka koya mini." Shekarun da muka yi tare ban san ta riƙe ko baƙi ɗaya daga 'yar firamaren da ta yi ba.

Wasa ya kusa ƙarewa, an yi mini nisa. Ina so ko kalma guda ta tsaya a allon da sunana. Na dubi gidana cike da mutane, na ce zan rubuta "baƙi". Na laluba jakar, na zazzage ta a tabarma. Waɗanda suka sassaƙa katakan nan ba su san akwai "k" mai lanƙwasa a ka ba. Na ajiye wanda na samu.

Taubashina ya karanta da ƙarfi don maƙwabta su ji: "Baki! Wallahi ka yi gaskiya, shi kaɗai gare ka."

Na tashi na je murhu na tsinci gawayi, na dawo na durƙusa, na yi wa "k" ɗin nan 'yar ƙugiya a ka, a hankali, yadda malaminmu yake yi a allo. Ɗiyata ta matso ta leƙa.

"Baƙi ne," ta ce. "Ta zauna."

Ta zauna ɗin, amma ba ta cece ni ba. Da hantsin ya juya ina tsugune a ƙofar gida da kan tunkiya a wuta, hayaƙi na shiga mini ido, sabuwar hulata a kaina. Abokan darata suka biyo za su gaisuwar Sallah, suka tsaya.

"Sarkin dara, lafiya?"

Taubashina ya leƙo daga zaure da tsokar nama a hannu. "Karatu yake. Ya tashi neman babbaƙu, ya samo babbaka."

Kafin in kankare kunne ɗaya labarin ya isa gindin bedi. Har yau in na jera uku a dara, wani sai ya ce "aaa".

Kwalin yana nan a kan rumbu. Na yi wa "d" guda da "b" guda ƙugiyarsu da biro, na kuma gama littafin tatsuniyoyin kafin ruwa ya ɗauke. Yanzu da matata muke bugawa bayan azahar. Ita ke cina, amma ta yarda mini da "tahi" muddin babu baƙo.