Ƙazafin da Aka Yi wa Yis

Shekarun baya, lokacin da masaƙun Kano suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyata tana tuyar fanke a bakin wani kamfani a Sharaɗa. Gurbinta gindin darbejiya ne, gefen mai shayi. Da masu tashi daga aiki da masu shiga, duk ta gabanta suke bi. Da wannan kaskon ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da shi na shiga kwalejin horon malamai.

Sai hannuwanta suka fara ƙaiƙayi. Daga ƙaiƙayi sai ƙuraje, daga nan fatar ta dinga tsagewa tana ruwa. Mai sayar da abin ci kuwa hannunta ake fara kallo. Umma ta shiga rufe hannu da gefen mayafi in za ta miƙa wa mutum fanke.

Ana haka wani ɗan unguwarmu ya ji labari. Da a masaƙa yake aiki a Bompai, da aka sallame su ya sayi kwat da jaka ya koma tallan kafso-kafson nan na ƙarin sinadarin abinci. Cikin wata biyu yara suka fara ce masa Dokta, shi kuma yana amsawa, ko kunya! Ya zo har gida ya durƙusa ya gaida Umma, ya ce ta fito da harshe. Harshen fari fat, saboda yanzun nan ta ajiye kwanon fura da nono.

Ya girgiza kai. "Subhanallahi! Umma, yis ne ya yi muku yawa a jiki. Kun ga yadda yake kumbura ƙullu? To haka yake yi a hanjinku, shi ne yake fesowa ta fata."

Umma ta dafe ƙirji. "Yis ɗin fanke?"

"Shi fa. Shekara nawa kuna cusa hannu a cikinsa?"

Ni kuma ina gefe, 'yar boko, mai taƙama da na ci jarrabawar kimiyya, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Kwat ɗin nan ba ƙaramin aiki ya yi a kaina ba.

Ya jera mata kwalabe: na tafarnuwa, na wanke hanji, da wani da ya ce ƙwayoyin cuta ne na kirki za su shiga su yi yaƙi da na banza. Ya hana ta burodi, fura, koko, sukari, duk wani abu mai tsami. Babbar dokar ita ce ta daina taɓa yis har sai ta warke. Umma ta ce, "To gurbina fa? In na tashi wata za ta zauna." Ya ce lafiya ce gaba da komai. Ta kife kasko.

Watanni suka yi ta wucewa. Jarinta ya narke a kwalabe, ita ta rame, gida ya ɗume da warin tafarnuwa, hannu kuwa sai abin da ya ƙaru. Duk sanda muka yi ƙorafi sai ya ce, "Alhamdulillahi, ai dattin ne yake fita." Wallahi har yau ban manta wannan kalmar ba. Mace tana kasa ɗaura zani don raɗaɗi, kai kana hamdala!

Ana cikin haka yayata ta haihu a Ɗorayi, Umma ta tafi zaman jego. Garin sauri ta manta kwalaben a gida. Kafin suna ƙaiƙayin ya lafa. Ranar suna matar da aka ɗauka tuyar fanke ta kwaɓa wani abu mai tauri kamar dutse, Umma ta kasa haƙuri. Ta ce, "Matsa, ba za a ci mutuncin 'yata a gaban dangin miji ba, in zan mutu in mutu." Ta zuba yis ta dulmiya hannu har gwiwa. Muka zuba ido muna jiran masifa. Shiru. Kafin ta baro Ɗorayi fatar ta haɗe sumul.

Ta dawo gida, ta yi wanki da wanke-wanke, washegari hannu ya tashi. Na same ta tsaye a tsakar gida ta zuba wa shuɗin duron ruwanmu ido. Irin durunan roba ne da ake fitowa da su daga kamfanonin fata na Chalawa in kemikal ɗin ciki ya ƙare, a ɗauraye a sayar wa mutane. Ruwan sha da na kwaɓi a randa take zubawa, na duron na wanki ne kawai.

Ta ce, "Ke, yaushe na sayo wannan abin?"

Na yi lissafi. "Umma, dab da ku fara ƙaiƙayin nan ne."

Muka mirgina shi waje. A asibitin fata likita ya ce haka ne, wani jikin ba ya jure ko ɓurɓushin irin wannan kemikal, wani kuma ko a jikinsa, kamar ni. Ya ba ta man shafawa, magana ta ƙare.

Na kwashi ragowar kwalaben na yi gidan Dokta ina huci. Na zazzage masa komai. Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Ina! Sai fuskarsa ta washe, ya jawo jaka. "Kemikal ne ashe? Ai kin zo a daidai. Akwai wani sabo da ya iso musamman don masu irin jikin Umma." Jama'a, ban san sanda na dire masa kwalaben a kan takalmi ba. Abin da na faɗa masa ranar ba zai rubutu a nan ba.

Da asuba Umma ta ɗauki kasko muka koma Sharaɗa. Wata baiwar Allah tana zaune a gindin darbejiyar, da goyo a bayanta, ma'aikata sun yi mata layi. Mai shayi ya kawar da kai. Na ce a yi magana, Umma ta riƙe ni. "Ita ma ci take nema. Ni na tashi da ƙafata." Ta gwada ƙofar wasu kamfanonin, wasu an garƙame, wasu kuma tuni da masu tuya a gurbin. Daga ƙarshe a ƙofar gida ta ƙare, tana sayar wa 'yan makaranta.

Ban ce duk mai sayar da irin waɗannan kwalabe maƙaryaci ba ne. Amma wanda bai tambaye ka me kake taɓawa ba, me ya sauya a gidanka, ya leƙa harshenka kawai ya yanke maka hukunci a kan sana'arka, wannan ba ya tsoron Allah. Shi Dokta na daɗe da daina gaishe shi, kuma ban yi nadama ba.

Umma kuwa ban taɓa jin ta zage shi ba. Sai dai har ta bar duniya, duk ranar da za ta kwaɓa fanke, in ta farke ledar yis sai ta dube ta ta ce, "Ka yafe mini. Kai ka ciyar da marayuna, aka yi maka ƙazafi na yarda."