Baba Mai Gizago da Kurar Ƙofar Coci

Kullum da safe, kafin ya kurɓi shayi, Baba Mai Gizago sai ya wasa kayan aikinsa. Shekara arba'in da ɗaya yana sassaƙa a rumfar da ke bayan cocinmu. A watan nan ya ajiye aiki, don hannu ya fara rawa. Ko taron sallama ba a yi masa ba, abin kuma ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Barewar da ke tsaye a shataletalen kasuwa aikinsa ce. Haka bushiyar hannun benci, wadda yara suka shafe har ta yi sulɓi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sassaƙa dabbar da bai gani da idonsa ba. Sau uku ana roƙonsa zaki, sau uku yana cewa, "Ban taɓa ganinsa ba. Ƙarya kuke so in yi wa itace?"

Bara dattawan coci suka yanke shawarar a kankare kurar da ya sassaƙa a jikin babbar ƙofa. Wai ba ta dace da ɗakin Allah ba, baƙi suna yi mana dariya. Don ƙarfin hali, shi suka aika wa ya zo ya kankare.

Ina wurin ya iso. Ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da kurar.

Shugaban dattawa ya ce, "Haba Baba, mummunar dabba ce fa, mai cin mushe."

"Ranka ya daɗe, wa ya halicce ta?"



Baba ya ƙara da cewa, "Wannan kurar a bakin rafi na gan ta, inda tashar mota take yanzu. Daga ita ban ƙara ganin wata ba. In na kankare ta, jikokinka a ina za su gani?"

Kwana tara yana zama a wurin daga safe har la'asar, matarsa tana kawo masa abinci tana mita. Dattawa suka gaji, suka ɗage maganar.

Ɗagewa aka yi, ba a soke ba. Yanzu da ya ajiye aiki, na ji ana neman kafintan da zai kankare kurar.

Baba, kai ne ka tsare mana dajin da muka sare da hannunmu. Kai ne ka sa wa namun daji irin su dage da guza kujera a coci. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma da kuka girma kuna shafa dabbobin nan, ranar da kafinta zai zo, ku fito. Baba ya huta. Mu ne za mu zauna a ƙofar, mu ga ta inda za a bi a taɓa ta.